Ranar da Idi Ya Sallama a Tayin Farko

Ku samarin da kuke shigowa rumfata a Birnin Kudu kuna toshe hanci, kuna cewa, "Alhaji, ai sana'ar fata ba wuya, ka saya nan ka sayar can," ku gyara zama. Maganar nan ta ishe ni. Kun ga mutum ya ɗaure fatu a bayan babur, waya a kunne, kun ɗauka shi ke nan ya zama dila. Sunana Garba, amma in kun tambayi Garba a kasuwa ba wanda zai nuna muku ni, sai kun ce Garba Ƙirgi. Ƙirgi kuwa, tunda na ga wasunku ba su sani ba, fatar saniya ce. Ta akuya da ta tunkiya su ake kira fata kawai.

Fatar farko da na saya da kaina ta jar akuya ce, shekarar da aka sami mulkin kai, ina koyon aiki a hannun wani dattijo, Alhaji Bawa, Allah ya jiƙansa. Fata ce mai kyau, gashi yana sheƙi, ba huda ko ɗaya. Na kawo masa ina taƙama. Ya ninka ta biyu, ya kai hancinsa wajen ninkin, ya miƙo mini ya ce in shinshina. Na shinshina, na ji abin da ya ji. A ƙasa aka shanya ta, a tsakiyar rana. Rana ta busar da bayanta da sauri, ta kulle danshi a ciki, cikin yana ruɓewa a hankali. Irin wannan fata sai ta je hannun majema take tona kanta: a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a ɗago, ta yage kamar tsohon zane. Alhaji Bawa ya sa na rataye ta a ƙofar ɗakina wata guda, wai don mu saba da juna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sikeli, da igiya, da ƙaramar wuƙa ta kankare kitse, da rumfa mai inuwa wadda iska ke ratsawa, inda ake ɗaure fata a miƙe a jikin katako. Manyan kayan aikin kuwa ba a sayar da su a kanti: hanci, da yatsu, da iya zama. Ka ɗaga fata ka duba ta a haske, ka ga inda wuƙa ta taɓa, inda kaska ta ci, inda ƙazuwa ta bar tabo. Malamin fata na hukuma zai zo ya buga hatimi, lamba ɗaya ko lamba biyu, amma kafin ya iso ya kamata kai ka riga ka sani.

Sai ciniki. Kai mai saye ka taya. Mai kaya ya ce, "Albarka," wato bai yarda ba, ka ƙara. Ka ƙara, ya sake cewa albarka, ku yi ta ja har ku kai inda zai ce, "Na sallama." Alhaji Bawa ya koya mini cewa tayin farko ba kuɗin kaya ba ne, gaisuwa ce kawai, ba wanda yake sa ran a karɓa. In ka taya sau ɗaya aka sallama maka, kada ka yi murna. Ka sake duba kayan, in kayan lafiya suke ka dubi mai kayan.

Fatun da suka fi kyau a duk inda nake saye daga hannun wani mahauci suke fitowa a Gwaram, sa'ana ne, sunansa Idi. Na taɓa tsayawa na kalli yadda yake feɗe akuya. Wuƙa a wuya da ƙafafu kawai take taɓawa, sauran aikin da dunƙulallen hannu yake yi, yana tura shi tsakanin fata da nama, har fatar ta fito kamar an tuɓe riga. Ba huda, ba kitse, kuma a inuwa yake shanya. Kamfanin da nake kai wa kaya a Kano, da sun gane ɗaurin Idi ba sa ma wahalar kwancewa.

Amma ciniki da shi azaba ne. Duk ranar kasuwar Gwaram nakan je, da farko a keke, daga baya a motar 'yan kasuwa. Tun daga nesa zai ɗaga murya: "Jama'a, ku rufe nama, ga Garba mai wari nan!" Ni kuma in ce, "Sarkin tsada, yau fatar akuya ka kawo ko ta zinariya?" In na taya, kafin in rufe baki ya ce albarka. Na taɓa gwada shi, na buɗe baki kawai ban ce komai ba, ya ce albarka. Mukan kai azahar muna ja, mu je mu yi salla, mu dawo mu ɗora daga inda muka tsaya. In ya sallama sai ya sa a yanko mini balangu, ya ce in ci ko warin zai ragu.

Shekarar fari, wadda kakanninku suke ba ku labari, na san kuna zaton ita ce shekarar dilan ƙirgi, tunda shanu suna mutuwa. Ƙiraga sun cika kasuwa, gaskiya ne, amma na ramammun shanu, sirara kamar takarda, wasu na mushe, an feɗe a daji an shanya a ƙasa. Makiyayi ya zo maka da ƙiraga a kan jaki, ka san garkensa ne gaba ɗaya yake ɗauke da shi, kuma ka san kamfani ba zai karɓa ba. Sau biyu ina dawowa da kaya daga Kano. Da yawa cikin waɗanda muka fara tare, a shekarar nan suka bar sana'ar. Idi kuwa ko gezau. Akuyoyin da yake samu ramammu ne, amma hannunsa bai canza ba, bakinsa ma haka.

Na kawo muku wannan ne don ku san ba wahala ce ta kayar da shi ba. Abin ya zo ne bayan komai ya gyaru. Ruwa ya dawo, kuɗin mai sun shigo ƙasa, ma'aikata sun fara cin nama kullum, mahauta ba sa kwana da kaya. Idi ya yi wa gidansa rufin kwano, ya sayi rediyo mai jaka.

Wata ranar kasuwa na iso rumfarsa, ban ji an ce a rufe nama ba. Yana zaune, fatu a ɗaure a gabansa.

"Idi, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

Na kwance ɗaurin, na ga abin da ban taɓa gani ba a kayansa: huda biyu a fata ɗaya. Na yi masa tayin da na saba yi don tsokana, wanda ko kuɗin igiyar ɗaurin bai kai ba.

Ya ce, "Na sallama."

"Ka kuwa ji abin da na ce?"

"Na ji. Ɗauka."

Dilan da bai san aikinsa ba da tuni ya ɗaure kaya ya yi gaba yana hamdala. Ni na duba kayan, ba na sata ba ne. Saura mai kayan. Na ba shi abin da na san shi ne haƙƙinsa, ya tura ƙarƙashin tabarma ko dubawa bai yi ba.

Mako na gaba ba ya rumfa. A zauren gidansa na same shi, ya jingina da bango, rediyon a gefe a kashe. Mai ɗakinsa, Hajara, ta yi mini bayani ta bayan ƙofa. Abinci loma biyu, barci babu, fita sai masallaci, shi ma wani lokacin sai an yi da gaske. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba inda ya kumbura. In an tambaye shi, lafiya lau.

Nan da nan kowa a Gwaram ya zama likita. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa sammu. An yi turare har rigunansa suka fi nawa tashi. Addu'a kam ba wanda ya raina ta, ni ma ban fasa ba. Masu zuwa dubiya ne suka fi gajiyar da shi. Wannan ya ce, "Haba Idi, me ka rasa? Ga kwano, ga rediyo." Wancan ya ce, "Ka gode wa Allah mana, dubi waɗanda suka rasa shanu." Wani ya ce, "Kai fa namiji ne." Dukansu da kyakkyawar niyya suka zo. Amma duk wanda ya fita sai Idi ya ƙara nutsewa, domin ban da ciwon, yanzu an ɗora masa laifin rashin godiya.

Kada ku ce ni na fi su. Nawa kuskuren ya fi na kowa ƙara. Na yi tunani na ce ba mahaucin da zai ji kalangu ya zauna. Na ɗauko makaɗin mahauta na kai shi ƙofar gidan da hantsi, ya saki kiɗan fawa, yana kiran sunan Idi da na ubansa da na kakansa. Unguwa ta taru. Idi ya miƙe tsaye, na ce a raina an gama. Ya tako har bakin zaure, ya rufe ƙofa a hankali, ya sa sakata. Makaɗin ya dube ni ya ce, "Malam Garba, in ci gaba?" Na ce ya ci gaba da tafiya.

Zuwan da na yi bayan wannan, Idi ya ɗauko wuƙarsa ta fiɗa, wadda ya gada wajen mahaifinsa, a cikin kubenta, ya miƙo mini.

"Ka ba wanda zai yi amfani da ita."

"Kai fa?"

"Ni na gama."

Na karɓa, ba don na yarda ba, sai don na ga zamanta a hannuna ya fi. Mahaucin da ya ba da wuƙar ubansa, ba sana'a kaɗai yake sallamawa ba. Kafin in tafi na ce wa Hajara kada a riƙa barinsa shi kaɗai. Ina sa takalmi Idi ya ce, "In ka koma ka sa a rubuta wa Yaya Abu takarda. Ka ce muna lafiya."

Yaya Abu yayarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana aure a Jos. Ni nake ɗaukar saƙonsa in kai wa mai rubuta wasiƙa a Birnin Kudu, Malam Hashimu, wanda yake zama a gindin wata dalbejiya kusa da gidan waya, da teburinsa da alƙalami da kwalbar tawada. Ni ma na yi ajin yaƙi da jahilci, ina rubutu, amma Malam Hashimu ya ce rubutuna in za a aika shi Jos sai an haɗa da ni in karanta.

Na ba shi saƙon, hannunsa ya fara abin da ya saba: bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke lafiya. Na dafe takardar. Na ba shi labari duka, har da kalangu. A wajen kalangun ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce:

"Garba, tun da na kafa teburin nan ban taɓa rubuta takardar da ba a ce ana lafiya ba. Har wadda ake sanar da rasuwa da 'muna lafiya' take farawa."

"To yau rubuta mata gaskiya. Ni zan faɗa."

"A'a. Takardarsa ce, ba taka ba. In kai ka faɗa, asirinsa ka tona. In shi ya faɗa, 'yar'uwarsa ya nema. Ranar kasuwa zan bi ka, amma a cikin mota ka zauna nesa da ni."

Muka je. Malam Hashimu bai tambaye shi abin da ya rasa ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya zauna a tabarma, ya ɗora takarda a kan wani allo a gwiwarsa.

"Malam Idi, ni ne nake rubuta maka takardun Yaya Abu. Yau na ce bari in ji daga bakin mai su. Me zan ce mata?"

"Ka ce muna lafiya lau."

Malam bai tsoma alƙalami a tawada ba. Ni kuwa bakina ya riga ni, na ce, "Albarka."

Idi ya ɗago kai ya dube ni.

"Albarka, Idi. Wannan tayin farko ne. Shekara nawa kana koya mini ba a karɓarsa? Ƙara."

Na zaci zai sake neman sakata. Bai tashi ba. Na buɗe baki zan ƙara magana, Malam Hashimu ya take mini ƙafa. Muka zauna. Kaji suka shigo zauren suka fita. Wannan shirun na san shi a kasuwa: in mai kaya yana tunani, wanda ya katse shi ya ɓata ciniki. Ban taɓa zaton ana amfani da shi a wajen dubiya ba.

Can ya ce, "Ka ce mata ba na jin daɗi."

Malam ya rubuta. "Sai me?"

"Ka ce abinci a bakina kamar dusa. In gari ya waye ji nake kamar an lulluɓe ni da ɗanyen ƙirgi, ba na iya ɗagawa. Ba wanda ya yi mini komai. Abin da ya fi damuna ke nan, ba wanda ya yi mini komai, kuma ban rasa komai ba. Ka ce ina jin kunyar Hajara da yara. Ka ce ina ganin kamar za su fi hutawa in ba ni."

Alƙalamin bai tsaya ba, fuskar Malam ba ta canza ba. Bai yi salati ba, bai ce masa kul ba. Da ya gama ya ce, "Bari in karanta maka, in na ƙara ko na rage ka gyara." Ya karanta yadda aka faɗa, bai yi mata ado ba. Idi yana saurare kamar takardar wani ce.

Ya ce, "Haka yake. Ashe yana faɗuwa."

"Yana faɗuwa. Kuma ba kai ne na farko ba. Teburina ya ji irin wannan daga bakin soja, da malamin makaranta, da mai jego. Sai dai dukansu a ƙarshe sukan ce in yaga in rubuta lafiya lau. Kai ma in ka ce in yaga, a gabanka zan yaga. A aika ko a yaga?"

Idi ya ce, "A aika."

"To. Abu ɗaya ya rage. Layin nan na ƙarshe ba maganarka ba ce, maganar ciwon ce. Na rubuta ne don ta san girman abin. Kafin ta iso, wuƙa tana wajen Garba, kuma ba za a bar ka kai kaɗai ba. Ka yarda?"

Ya gyaɗa kai.

Ba a yi mako biyu ba Yaya Abu ta sauka a Gwaram, 'yar gajeruwar mata da buhun dankalin Turawa, takardar a ƙulle a gefen zaninta. Tana shiga zaure ta ce, "Auta, ni za ka yi ta aiko wa da lafiya lau?" Iyakar faɗan da ta yi ke nan. Ta zauna kusa da shi, ta ce gobe za a tafi babban asibitin Birnin Kudu.

Ya ce, "Yaya, me zan ce wa likita? Ba inda yake yi mini ciwo."

Ta ce, "Ba sai ka ce komai ba. Ga takarda."

Likitan ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya yi masa tambayoyi, ya ce ciwo ne sananne, yana da magani, ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ya ce maganin ba ya gaggawa, a riƙa dawowa. Shi ne yanzu kuke ji ana kira ciwon damuwa. Mu a lokacin ba mu da sunansa.

Kada ku ɗauka a mako guda ya warke. Na gaya muku fata a inuwa take bushewa. Ni da na tashi shanya Idi a rana da kalangu kun ji yadda aka ƙare. Watanni aka ɗauka. Ranar komawa asibiti a rumfata yake yini. Nakan tura masa ɗaurin fatu in ce, "Ware mini lamba ɗaya da lamba biyu, idona ya fara rauni." Ya san ƙarya nake, amma yakan ware. Wani yinin ko kalma goma ba ma yi, kuma ba wanda yake matsa wa wani. Na daina tsayawa a kan "ina kwana", sai in ƙara da, "Yau lamba nawa?" Ya ce lamba biyu, wata rana ya ce lamba uku, wata rana ya ce yau ko malamin fata ba zai buga hatimi ba. Bayan Yaya Abu ta koma Jos, Malam Hashimu yakan leƙo Idi da takarda da alƙalami, kuma suka kafa doka: ba a rubuta lafiya lau sai in gaskiya ce. Akwai takardar da layi biyu ce kawai, Idi ya ce mata makon nan ya fi na baya nauyi. Ta aiko da amsa ta ce ta ji, kuma tana nan.

Ku da kuke so ku shiga sana'ar nan, da ku masu rubuce-rubuce a waya da takarda, abin da na ɗauka a nan ba shi da yawa. Mu mutane ne da ko a gadon asibiti aka gaishe mu lafiya lau za mu ce. Ba laifi, gaisuwa ce. Amma in mutumin da ka saba ja da shi ya daina ja, kada ka ɗaure kaya ka yi gaba. Ka zauna, ka rage baki. In ya faɗa, ka karɓa yadda ya faɗa, kada ka gyara masa. Ka nemo wanda yake jin maganarsa, ku raka shi asibiti. Ciwon ya sake leƙo Idi bayan wasu shekaru, amma a karo na biyu shi da kansa ya aiko a kira masa Malam Hashimu.

Ranar da nake so ku riƙe ita ce wata ranar kasuwar Gwaram bayan an yi girbi. Idi ya koma rumfa, yana feɗe 'yan akuyoyi da wuƙar aro. Tasa tana cikin jakata, duk zuwa da ita nake zuwa, ban taɓa yi masa maganarta ba. Na kwance ɗaurinsa, na ɗaga fatun ɗaya bayan ɗaya a haske. Ba huda. Na gyara murya na yi tayin nan nawa wanda bai kai kuɗin igiya ba.

Ya dube ni, ya dubi fatun.

"Albarka."

Na yi kamar ban ji ba. "Me ka ce?"

"Na ce albarka, mai wari! Jama'a, wa ya bar nama a buɗe? Kuma ka ba ni wuƙata, ɓarawo, tun ɗazu nake hango kubenta a jakarka."

Muka yi azahar muna ja, muka yi la'asar. A ƙarshe ni na gaji na biya abin da ya ce. Tun da na shiga sana'ar nan ban taɓa sayen fata da tsada irin ta ranar ba, kuma har yau ban ce an cuce ni ba.